'Yar Farin Da Kuka Bari A Nuzla

Zuwa ga Rabaran Fada, limamin cocin da ya ɗauki nauyin ƙanwata Sa'adiyya da 'ya'yanta uku, tare da kwamitinsa mai karɓar 'yan gudun hijira.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da jama'arka. Yaya sanyi? Yaya azumi? Bana naku da namu sun zo a jere, to Allah ya duba niyyar kowa.

Ba ka taɓa ganina ba, amma ka sha jin labarina. Ni ce Yayar. Sunana Rabi. Shekara ashirin da biyu na yi ina koyar da Larabci a makarantar 'yan mata a Umdurman. Kakanninmu da ƙafa suka baro ƙasar Hausa da niyyar Hajji, suka zauna a bakin Nilu don su huta, hutun ya cinye su har jikokinsu. Yaƙi ne ya zo ya ƙarasa mana tafiyar. Yanzu ina Jidda, unguwar Nuzla, ɗaki biyu a hawa na uku, ƙarƙashin iƙama, wato takardar izinin zama, ta mijina Malam Usman, wanda yake tuƙa iyalin kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, a unguwar Abhur.

Sau uku na rubuto maka a asirce. Sau biyu sakatariyar kwamitinku ta amsa da Turanci, amsa ta biyu kwafin ta farko, ko ɗigo ba a sauya ba. Karo na uku ko wannan ban samu ba. Shi ya sa na mai da wannan wasiƙa buɗaɗɗiya, kuma na rubuta ta da Hausa, harshen da aka yi ɓarnar da shi, don duk mai jin sa, Musulmi ko Kirista, ya karanta ya zama shaida.

Na ɗaya: godiya, don kada a ce ba ni da ita.

Bayan an kashe Ɗahiru, mijin Sa'adiyya, a hanyarsa ta zuwa ɗebo ruwa, gidanmu ya tsage biyu. Ita da ƙanana uku, Bashir da Amal da Yasir, suka hau motar Masar. Ni da Nafisa, yarinyar da nake riƙo, muka bi ta Bur Sudan muka hau jirgin ruwa. Shekara ɗaya da rabi ƙanwata ta yi a Alƙahira tana wanki da guga a gidajen mutane, kuma ku kuka fitar da ita daga nan, kuka kai ta ƙasar Turawan da kuke zaune. Mutanen da ba su haɗa jini ko alƙibla da mu ba suka kama mata gida, suka yi fenti da hannunsu. Wata tsohuwa ta saƙa wa Yasir hula da safar hannu. Wani dattijo da ya yi ritaya yana kai Bashir masallaci kowace Juma'a, ya zauna cikin mota yana karanta jarida har a idar. Matan cocinku sun zaga gari sai da suka samo mahauci mai yanka irin namu.

A nan Nuzla kuwa an yi ta cewa, "Halas, shi ke nan, an sayar da yaran, baɗi war haka da gicciye a wuya za ku gan su." Ni na tare maganar. Na ce wa Hajiyar hawa na biyu, wadda ta fi kowa baki, "Ke da muka haɗa kalmar shahada, ko tabarma kin ba mu aro?" Har yau in na yi mata sallama da hanci take amsawa. Na yi maka faɗa a kan matakalar gidan nan, Fada, kafin in zo in yi faɗa da kai. Ka sa wannan a ranka.

Na biyu: abin da ya faru a waya.

Kwamitinku ba shi da mai jin Larabci. Da aka gano Sa'adiyya tana jin Hausa, sai aka ce ai ga Fada nan, haifaffen Arewa ne. Kai ka kira ta tana Alƙahira, kai ka cika fom ɗin da hannunka. Ta ba ni labarin kiran nan ya fi a ƙirga, kuma kalma ɗaya ba ta taɓa sauyawa ba. Ta ce da ta ji muryarka sai da ta zauna a ƙasa, don tun rasuwar babanmu ba ta sake jin babban mutum ya ce mata "sannu da wahala, 'yata" da irin wannan Hausar ba. Har mayafi ta gyara, alhali ba ganin ta kake ba.

Ka ce, "Yara nawa Allah ya ba ki?"

Ta ce, "Uku ne a gabana."

Ka ce, "Su ke nan?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Sai ta wajen Yaya."

Ka ce, "To, Allah ya raya." Ka rubuta uku, ka wuce tambaya ta gaba.

Ta wajen Yaya ita ce Nafisa, 'yar farin Sa'adiyya, shekararta goma sha tara. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba. Ranar da aka yaye ta, mahaifiyarmu ta goyo ta da kanta, ta shigo ɗakina, ta kwance zani ta sauke mini ita a cinya. Tun daga ranar ni ce Umma, wadda ta haife ta kuwa Khalti, wato ƙanwar uwa. Sa'adiyya ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa rungumar ta a gaban mutane ba, ba ta taɓa lissafa ta cikin nata ba. In ta ɗinka mata rigar Sallah, sai ta ajiye a kan gadona, ta kalli bango ta ce, "A ba waccan." Kunyar ɗan fari ke nan, ga kunyar riƙo a kanta. A ganinta, in ta ce "huɗu" ta karɓe mini kyautar da uwarmu ta yi mini.

Na uku: dalilin da ya sa kai nake tuhuma, ba kwamiti ba.

Da Bature ne ya yi mata tambayar ta bakin tafinta, da ba ka ga wannan wasiƙa ba. Wataƙila ma da ta faɗa masa kai tsaye, don ba a jin irin wannan kunyar gaban wanda bai san ta ba. Hausarka ce ta ɗaure mata baki. Ta ji dattijon gida, sai ta yi magana irin ta gida, ta bar maka sauran ka ƙarasa.

Kada ka ce ba ka san al'adar ba. Wata huɗu da saukarsu, ta tuƙa maka tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa. Kana ci kana ba ta labarin ƙauyenku. Ka ce kai ma ɗan fari ne, mahaifiyarka har ta bar duniya ba ta kira sunanka ba. Ka ce ranar da aka naɗa ka Fada, abin da ta iya ce wa maƙwabta shi ne, "Wai yaron nan aka sa wa doguwar riga." Kuka yi dariya. Dariyar nan ce ta ƙarfafa mata gwiwa, ta ce, "To Fada, ita ta wajen Yaya yaushe za ta iso?"

Ka ce, "Wace?"

Ta ce mini ka janye hannunka daga kwano, ba ka ƙara loma ba.

Duk watannin nan ita ta ɗauka ka gane tun a waya. Ta ɗauka an jinkirta Nafisa ne don tana wata ƙasa, takardunta na nan tafe a baya. Ni ma haka na ɗauka. Yarinyar ma haka. Mu uku muna jiran abin da ba a taɓa rubutawa ba. Kai da ka girma cikin shirun mahaifiyarka, kai ne ka ji shirun wata uwa a waya ka ɗauka layi ne ya ɗauke.

Na huɗu: takardar kwamitinku.

Na karanta ta da ƙamus a gefena, don ban yarda in ba kowa ya fassara mini ba. Tun da wani ya fassara mu muke cikin wannan hali. Takardar ta ce dokar ƙasarku ba ta cika yarda a ƙara ɗan da ba a ambata tun farko ba. Ta ce in aka tayar da maganar, hukuma na iya ɗauka cewa Sa'adiyya ta ɓoye gaskiya, kuma hakan na iya taɓa zamanta ita kanta. Ta ce kwamiti yana taya mu jimami. Sannan ta ce, "an samu kuskure wajen cika fom."

An samu kuskure. A ina aka same shi, a bakin titi? Na yi shekara ashirin da biyu ina karanta rubutun 'yan mata, na san abin da ɗaliba take rubutawa in ta fasa tagar aji: "Taga ta fashe." Na duba takardar nan gaba da baya ban ga sunanka ba. Ba inda aka faɗi wanda ya yi tambaya, ba inda aka faɗi wanda ya riƙe alƙalami. An bar wata bazawara ita kaɗai ta tsaya a matsayin maƙaryaciya, ko a da ko a yanzu, ta zaɓi ɗaya. Tun da takardar ta iso ta daina zuwa ajin Turanci. In mai kawo wasiƙu ya taɓa ƙofa, sai ta tattara yaran ta shige kicin.

Ban san dokarku ba, kuma ba zan yi kamar na sani ba. Amma na san akwai tazara tsakanin matar da ta ɓoye 'ya da matar da ta faɗa ba a rubuta ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya shaida wacce ce a ciki.

Na biyar: halin da yarinyar take ciki.

Da bizar ziyara Nafisa ta shigo Jidda, kuma an yi ta sabunta ta har aka ƙure. Makon jiya Malam Usman ya sake zuwa unguwar Bagdadiyya wajen mai bi mana takardu. Mutumin ko fayil ɗin bai buɗe ba. Ya ce, "Ya Hajj, 'yarka ce a takarda?" Malam Usman ya ce a'a. Mutumin ya ce, "To halas. Yalla, na gaba ya matso." Bizar za ta ƙare tsakiyar Shawwal. Daga nan sai ɗayan biyu: ko ta zauna a ɓoye a ɗakin nan, ba makaranta, ba asibiti, tana jin ƙarar mota gabanta na faɗuwa, ko ta koma Umdurman ita kaɗai, gidan da aka cire masa ƙofa har da ƙyaurenta. A nan an ce ba tawa ba ce. A can an ce ba ta uwarta ba ce. Yarinya mai uwa biyu, takarda ta mai da ita marainiya.

Amma bari in gaya maka wace ce, tunda fom ɗinka ba shi da layin wannan.

Ranar da muka tsallako Bahar Maliya, mutane na ta amai da kuka a kan jirgi, ita tana tsaye ta dafa ƙarfe tana kallon ruwa. Ta ce, "Umma, ashe akwai ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar." Ta saba da Nilu, inda kullum kake hango wani yana wanki a tsallake. Yanzu ma haka take kallon garinku. Ba ta taɓa taka shi ba, amma ta san gidan uwarta daga hotuna fiye da masu kwana a ciki. Ta san matakala bakwai ce daga titi zuwa ƙofa, ta biyar tana da tsaga. Ta san itacen da ke bakin taga, ta ga ya yi ja, ta ga ya zube, ta ga ƙanƙara ta kwanta a kansa. In ta hau rufin gida shanya, sai in jiyo ta tana kiran sunayen abubuwa da Turanci, guga, igiya, tattabara, kamar mai gaisawa da dangin da za ta je wurinsu. Ungozoma take son zama. Ta ce a garin da ake sanyi haka, dole jarirai suna bukatar mai hannu mai ɗumi.

A hoton ɗakin yara gadaje uku ne, da barguna uku da matan cocinku suka ɗinka, kowanne da sunan mai shi. Rannan na same ta ta buɗa hoton da yatsu biyu tana auna fili tsakanin gadon Amal da bango. Ta ce, "Zai shiga, in aka matsar da durowa."

Ni kuma mafarki ɗaya nake ta yi, kullum bayan azahar, lokacin da zafin Jidda ke danne mutum kamar jiƙaƙƙen bargo, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ɗiga a bokiti. Sai in ga dusar ƙanƙara tana sauka a Nuzla. Tana sauka a kan wayoyin wuta, a kan tiren mai sayar da dafaffen waken ful, a kan kyanwoyin bakin juji, unguwa ta yi tsit, ta yi fari fat. Sai in ga Nilu ya biyo ta lungunmu a hankali, da ƙaramin kwale-kwale a kansa, Nafisa na zaune a ciki da rigar yaye. Ruwan ya wuce Bagdadiyya, ya wuce Abhur, ya shiga wani dogon ɗaki mai benci a jere da tagogi masu launi. Ga Sa'adiyya a ƙarshen ɗakin ta miƙo hannu, bakinta yana motsi, murya ba ta fita. Kai kuma kana tsaye a gefe da littafi, kana ƙirga mutanen da ke kan benci, ba ka kalli ruwan ba. A nan nake farkawa, bokiti ya cika.

Labarin matar da ta sa jaririnta a akwati ta tura shi kogi, wata ta tsince shi ta raina, yana cikin littafinku, yana cikin namu. A can an samu wadda ta bi gaɓar kogi ta ce ta san uwar yaron. Wannan aikin kaɗai ake nema a wurinka.

Na shida: nawa laifin.

Ba zan tuhume ka in wanke kaina ba. Shekara goma sha bakwai ina jin daɗin shirun ƙanwata. In baƙuwa ta ce, "Rabi, 'yarki ta girma," Sa'adiyya tana zaune ba ta gyara mata ba, sai in ji kaina ya taɓa sama. Takardar haihuwar Nafisa, mai sunan Sa'adiyya da na Ɗahiru, tana ƙasan akwatina cikin leda, a naɗe cikin zanin da aka goyo ta da shi. Na fito da ita daga Umdurman na bar littattafaina duka, amma ban taɓa son kallon ta ba. Da ni mai hankali ce, da tun suna Alƙahira na kira ƙanwata na ce, "Na yafe miki kunyar, duk wanda ya tambaya ki ce huɗu." Ban ce ba. Wani ɓangare na zuciyata bai so a zo a ɗauke ta.

To yau ga shi ina faɗa a gaban duniya, da hannuna: ba ni na haifi Nafisa ba. Riƙo aka ba ni. Na riƙe, na gode, na saki. Ka san abin da rubuta wannan layin ya ci mini, tunda kai ma ɗan gidan Hausa ne.

Ga abin da nake nema.

Ka rubuta, ka sa hannu, ka rantse a gaban duk wanda ake rantsuwa a gabansa a ƙasarku, cewa ta ambaci yarinyar a waya, kai ne ba ka bi ba'asi ba. Ka bayyana musu kunyar ɗan fari da kanka. Ba sai ka nemo littafi ba, labarin mahaifiyarka ya isa.

Kwamiti ya nemi lauyan da ya san wannan hanya, ya haɗa shaidarka da takardar haihuwa. In gwajin jini suke so, ga hannun yarinyar, ga na uwarta.

Na ji ranar Lahadin da ke bin bikin Ista za ku zauna ku zaɓi iyalin da za ku ɗauka na gaba. Ba na roƙon ku ture kowa, kowa da nasa yaƙin. Amma kafin ku buɗe sabon fayil, ku sani wanda kuka rufe bai cika ba. In ƙofar farko ta ƙi, ku ɗauki Nafisa ta wannan.

A ƙarshe, duk cocin da zai cika fom irin wannan ga mutanenmu, a daina tsayawa a kan "yara nawa." A tambaya: akwai wanda ke hannun wani? Akwai na fari? Sannan a jira. In uwa ta yi shiru, ba ta gama magana ba.

Jiya bayan la'asar Sa'adiyya ta turo saƙon murya. Gajere ne, kuma fiye da rabinsa numfashi ne kawai, har na ɗauka hannunta ne ya danna bisa kuskure. Can sai na ji ta ce, "Nafisa." Ta tsaya. Ta sake cewa, "Nafisa 'yata ce. Ni na haife ta." Ta ce kwana tara tana gwadawa a gaban madubin banɗaki, don in an kai ta gaban hukuma kada harshenta ya ƙi. Yarinyar tana yanka albasa a gefena. Ta ajiye wuƙa, ta karɓi wayar, ta saurara sau uku. Sannan ta ce, "Ashe haka take faɗin sa."

Ƙanwata ta yi nata, Fada. Ta karya abin da uwarta da kakarta ba su taɓa karyawa ba. Ni ma na yi nawa. Naka ya fi namu sauƙi, kuma ba ya bukatar madubi: "Ta faɗa mini, ni ne ban rubuta ba."

Allah ya ƙara maka lafiya, ya saka wa jama'arka da alheri bisa abin da suka yi wa marayun Ɗahiru uku. Allah ya ji ƙan mahaifiyarka, wadda ta so ka ba tare da ta kira sunanka ba. Ya ba ka ƙarfin halin kiran sunan ta huɗun kafin tsakiyar Shawwal.

Wassalam.

Rabi, Yayar Sa'adiyya, marikiyar Nafisa,
Nuzla, Jidda.